Izinin gina coci a ƙasashen da Musulmi suka fi yawa: a ina takarda take maƙalewa?

Sani_Tudunwada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon a amsa da ilimi, kada a mayar da ita zage-zage. Duk sanda aka ɗauko maganar halin da Kiristoci ke ciki a ƙasashen da Musulmi suka fi yawa, sai a rabu gida biyu. Wasu su ce farfagandar Turawa ce kawai, wasu su ce ai ko'ina kashe su ake yi. Abin da nake son sani ƙarami ne. Idan Kiristocin wani ƙauye a Masar ko Indunusiya suna son gina coci, wace takarda za su nema, wa zai sa hannu, kuma a wane mataki abin yake tsayawa? Kusan kowane kundin tsarin mulki ya rubuta cewa akwai 'yancin addini, don haka ina ganin a teburin ma'aikaci ne ake gane gaskiyar maganar.

Barista_Hauwa:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Bari in ɗauki Masar, tunda nan ne Kiristoci suka fi yawa a duk ƙasashen Larabawa, akasarinsu Kibɗawa, wato Kiristocin asalin Masar.

Tun daga dokar Daular Usmaniyya ta 1856, gina coci sai da izinin mai mulkin ƙasa da kansa. Daga sarkin Istanbul abin ya koma hannun sarkin Masar, daga nan ya koma hannun shugaban ƙasa. A 1934 wani babban jami'in ma'aikatar cikin gida, Azabi Basha, ya ƙara sharuɗɗa goma: nisan filin da masallaci, nisansa da coci mafi kusa, yawan Kiristocin wurin, ko maƙwabta Musulmi sun yarda, da sauransu. Da waɗannan aka yi ta aiki fiye da shekara 80.

Kundin 2014 ya tilasta wa majalisa ta yi sabuwar doka, aka yi Doka ta 80 ta 2016. Yanzu wakilin ɗariƙar cocin ne yake kai takarda wurin gwamnan lardi, haɗe da shaidar mallakar fili da zanen gini. Gwamna yana da wata huɗu ya ba da amsa, in ya ƙi kuma dole ya faɗi dalili. Filin da ya wuce murabba'in mita 300 sai an kewaye shi da katanga.

Cikas biyu ne a ciki. Sashe na 2 ya ce girman cocin ya dace da yawan Kiristocin yankin da buƙatarsu, alhali gwamnati ta daɗe ba ta fitar da alƙaluman addini daga ƙidaya ba. To wa zai ce su nawa ne? Na biyu, in wata huɗun ya wuce gwamna ya yi shiru, dokar ba ta ce shirunsa ya zama amincewa ba. Sai dai a nufi kotun gudanarwa, can kuma shari'a takan ci shekaru.

Ɗan_Kurmi:
Barista, a faɗi alherin ma. A Janairun 2019 Shugaba Sisi ya buɗe katafaren coci a sabon birnin gwamnati, rana ɗaya da babban masallacin birnin. Kuma majami'un da aka ƙona ko aka lalata a Agustan 2013, sama da 40, sojoji ne suka sake gina su da kuɗin gwamnati.

Bitrus_Zonkwa:
Gaskiya ne ɗan'uwa, kuma ba wanda zai hana a yaba. Amma tambayar Malam Sani ta ƙauye ce, kuma ƙauyukan lardin Minya ba su san da wancan katafaren ginin ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Dokar 2016 ta kafa kwamiti ƙarƙashin firaminista don halatta majami'un da aka riga aka gina ba izini, aka shigar da takardu 3,730 kafin wa'adi ya cika a Satumban 2017. Dokar ta ce duk ginin da ya shigar da takarda ba za a hana ibada a cikinsa ba. To ranar da jami'an kwamiti suka zo duba gini, ranar ce ƙauye yake jin labari cewa gidan nan da ake taruwa za a mayar da shi coci a hukumance. Bayan sallar Juma'a sai a taru, a yi jifa, wani lokaci a cinna wa gidajen Kiristoci wuta. 'Yan sanda su zo su kama mutane daga ɓangarorin biyu, har da waɗanda aka ƙona wa gida, su rufe ginin su ce don zaman lafiya ne. Daga nan a kira zaman sulhu na gargajiya da dattawa da jami'an tsaro. Kirista yana da ɗa a tsare, don haka zai janye ƙara don a sako masa ɗansa. Sharaɗin sulhun yakan zama a bar ginin a rufe, ko a mayar da shi bayan gari, ko a yi shi ba gicciye ba ƙararrawa. Wanda ya kunna wuta ya koma gida ba hukunci, ƙauyen gaba kuma ya ga cewa hanyar tana ci.

Injiniya_Lawal:
Akwai illar da ba a cika kawowa ba, ta fuskar gini. Mutanen da aka hana izini shekara da shekaru ba sa daina ibada. Gidan zama suke saya a lungu, su fasa bangon ɗakuna, su ɗora bene a kai a hankali don kada a lura. Sai ka sami gini mai hawa uku ko huɗu, matakala ɗaya ƙunƙuntacciya, tagogi da ƙarfe saboda tsoron hari, wayoyin lantarki na gidan iyali ɗaya suna ɗauke da na'urorin sanyaya ɗaki masu yawa. Motar kashe gobara ba ta iya shiga lungun. A 14 ga Agustan 2022 wuta ta tashi daga lantarki a cocin Abu Saifain da ke Imbaba a Giza ana cikin ibada, mutum 41 suka rasu, da yawansu yara, kuma hayaƙi da turmutsutsu ne suka fi kisa. Sannan kwamitin da Bitrus ya ambata yana gindaya sharaɗin cika ƙa'idojin kashe gobara kafin izini ya tabbata. Sharaɗi ne mai kyau, amma ginin da aka yi a ɓoye a lungu ina zai samo ƙofar fita ta biyu?

Nura_Tarihi:
Na Indunusiya ya fi na Masar fitowa fili, don lambobi ne a rubuce. Ƙa'idar haɗin gwiwa ta ministan addini da na cikin gida ta 2006 ta ce kowane ɗakin ibada, na kowane addini, yana buƙatar sunayen mutum 90 da za su yi ibada a ciki tare da katin shaidarsu, sa hannun mazauna unguwa 60 wanda dagaci ya tabbatar, takardar goyon baya daga ofishin ma'aikatar addini na gunduma, da wata daga majalisar zaman lafiyar addinai ta yankin. Sai an haɗa huɗun nan shugaban gunduma ko magajin gari zai ba da izinin gini.

90 ɗin ba wuya. A kan 60 ɗin ake faɗuwa. Mutum ya sa hannu yau, gobe a bi shi gida a tambaye shi dalili, jibi ya ce yaudararsa aka yi. Da zarar mutum biyu ko uku sun janye, sai a ce takardar jabu ce gaba ɗaya. Ita kuma majalisar zaman lafiya, kujerunta 17 ne a gunduma, ana raba su gwargwadon yawan mabiya, don haka masu rinjaye ne suke yanke wa marasa rinjaye hukunci.

Dubi cocin Yasmin a garin Bogor. Sun sami izini a 2006, hukumar gari ta dakatar da shi a 2008, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a ƙarshen 2010, magajin gari ya ƙi buɗe ƙofa. Shekaru suna ibada a bakin titi, har gaban fadar shugaban ƙasa a Jakarta. Sai a Afrilun 2023 aka buɗe musu coci, shi ma a wani fili dabam. Hukuncin kotu mafi girma a ƙasa bai iya cire kwaɗo ɗaya ba.

Ummu_Khalil:
Malam Nura, ka manta ka ce wannan ƙa'idar ta 90 da 60 tana cin Musulmi ma a Bali da Papuwa da sauran yankunan da su ne 'yan tsiraru. Kuma a 2009 Suwizalan ta kaɗa ƙuri'a ta haramta gina hasumiyar masallaci, a ƙasar da hasumiyoyin duka huɗu ne. Ga Musulmin Rohingya na Myanmar, ga Musulmin Sin. Me ya sa kullum mu ake sa wa ido?

Bitrus_Zonkwa:
Hajiya, abin da kika faɗa duk gaskiya ne, kuma zalunci ne. Misalinki na Bali ma ƙarfafa maganar yake yi: duk dokar da ta ɗora haƙƙin ibadar mutum a kan yardar maƙwabcinsa, ɗan tsiraru za ta ci, ko wane ne shi. A buɗe wa Rohingya zaure nasu, zan zo in yi magana. Amma wannan tambayar ma tana da haƙƙin a amsa ta.

Malam_Isa_Fagge:
Bari in sa baki ta ɓangaren fiƙihu, don mutane da yawa suna zaton hana gina coci nassi ne yankakke.

Malaman farko sun kasa garuruwa uku. Akwai waɗanda Musulmi suka kafa da hannunsu, irin Kufa da Basra da Bagadaza, nan mafi yawan malamai sun hana sabon gini. Akwai waɗanda aka ci da yaƙi, nan an yi saɓani a kan tsofaffin majami'u. Akwai waɗanda aka shiga da sulhu, nan abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ne hukunci. Sayyidina Umar ya rubuta wa mutanen Ƙudus amana cewa ba za a rushe majami'unsu ba, ba za a zauna a cikinsu ba, ba za a tilasta musu a addininsu ba. A Masar ɗin da ake magana, Imam Laisu ɗan Sa'ad, wanda ya yi zamani da Imam Malik, ya ba gwamna fatawar a bar Kibɗawa su sake gina majami'un da aka rushe, ya ce wannan yana cikin raya ƙasa. A Suratul Hajji aya ta 40 kuma Allah ya ambaci wuraren ibadar Nasara da Yahudu tare da masallatai cikin abubuwan da yake karewa daga rushewa.

Abin lura, duk wancan rabon an gina shi ne a kan tsarin zimma da jizya. Masar ta soke jizya tun 1855. Yau Kibɗi ɗan ƙasa ne, yana biyan haraji, yana aikin soja. Shi ya sa malamai da dama suka taru a Marrakesh a Janairun 2016, cikinsu har da Shaihu Abdullahi bin Bayya, suka ce asalin da za a koma masa shi ne yarjejeniyar Madina, inda Musulmi da Yahudu suka zama al'umma ɗaya a wajen kare gari.

Abu_Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, amma akwai hadisin da ya ce addini biyu ba za su haɗu a tsibirin Larabawa ba. Kuma malamai da yawa na da da na yanzu ba su yarda da fatawar Laisu ba. Kada a nuna kamar magana ɗaya ce.

Malam_Isa_Fagge:
Ban ce magana ɗaya ce ba, Malam Abu Sumayya, saɓani na kawo. Hadisin kuma malamai sun yi bayanin iyakarsa. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun taƙaita hukuncin a kan Hijaz, wato Makka da Madina da kewayensu. Ko a fassara mafi faɗi, bai shafi Minya ko Bogor ko Lahore ba. Sannan ko wanda ya hana sabon gini a cikin malamai, bai ce talakawa su ɗauki fetur su je su ƙona ba. Wannan aikin shugaba ne da alƙali.

Rabi_Mai_Lissafi:
A aikace ma ƙasashen tsibirin sun sha bamban. Saudiyya ba coci ko ɗaya, ma'aikata Kiristoci 'yan Filifin da Indiya da Afirka a ɗaka suke ibada. Katar ta buɗe cocin Katolika na farko a 2008 a wajen Doha, a filin da sarki ya bayar, da sharaɗin ba gicciye a waje, ba ƙararrawa. Baharain ta buɗe babban coci a Awali a Disamban 2021, mai ɗaukar mutum wajen 2,300. Fafaroma Francis ya yi taron ibada a filin wasa a Abu Dhabi a Fabrairun 2019. Tsarinsu shi ne mai mulki ya ba da fili, a tara ɗariƙu a harabar guda, a sa tsaro a ƙofa. Matsalarsa cunkoso: ana jera ibada daga safe zuwa dare, harshe bayan harshe, ƙananan ƙungiyoyi kuma sai sun raɓu da wata babbar ɗariƙa mai rajista kafin su sami ɗaki.

Fasto_Yakubu:
Na gode 'yar'uwa Rabi. Sai dai waɗannan kusan duk baƙi ne, masu biza, za su koma gida. Ma'aunin gaske shi ne ɗan ƙasa, musamman wanda aka haifa Musulmi ya koma Kirista. Nan magana take barin gini ta koma kan katin shaida.

A Masar katin ɗan ƙasa yana da gurbin addini. Sauyawa daga Kirista zuwa Musulmi yana da hanya a ofis, akasin haka kuwa kusan ba hanya. Abin da ke biyo baya shi ne aure da gado da makaranta: macen da katinta ya ce Musulma ba za a ɗaura mata aure da Kirista ba, 'ya'yanta kuma darasin addinin Musulunci za su zauna wa jarrabawa. A Iraƙi sashe na 26 na dokar katin ɗan ƙasa da majalisa ta zartar a 2015 ya ce in ɗaya daga cikin iyaye ya musulunta, yaran da ba su balaga ba sun bi shi a takarda. Wannan a ƙasar da Kiristoci suka kai wajen miliyan ɗaya da rabi kafin 2003, yau kuma ba a ƙiyasta su sama da dubu 300, bayan abin da ISIS ta yi a Mosul da Ƙaraƙosh a 2014.

Aljeriya kuma ta bi ta hanyar takarda zalla. Dokar 06-03 ta 2006 ta ce ba a ibadar da ba ta Musulunci ba sai a ginin da wani kwamitin ƙasa ya amince da shi, ta kuma sa ɗaurin shekara 2 zuwa 5 ga wanda ya yi abin da zai girgiza imanin Musulmi. Majami'un Furotesta, waɗanda akasarin mabiyansu 'yan ƙasa ne daga yankin Kabiliya, sun yi ta kai takarda ba amsa. Daga 2017 sai aka fara bi ana tambayarsu izinin da ba a taɓa ba su ba, ana manna wa ƙofa hatimi. Cikin majami'u 47 na ƙungiyarsu, kusan duka an rufe.

Barista_Hauwa:
Tunda an bar gini, dole a taɓo Pakistan, don can coci yana tsaye da izininsa, amma zargi ɗaya ya isa a ƙone unguwa.

Sashe na 295-B na dokar laifuka, na 1982, ɗaurin rai da rai ne ga wanda ya wulaƙanta Alƙur'ani. Sashe na 295-C, na 1986, na ɓatanci ga Annabi (SAW) ne, kuma bayan hukuncin Kotun Shari'a ta Tarayya na 1990 hukuncinsa kisa ne kaɗai. Lafazin sashen bai ambaci niyya ba. Matakan kuwa: mutum ya je caji ofis ya shigar da ƙara, a kama wanda ake zargi, beli ya yi wuya ƙwarai. Gyaran 2004 ya ce sai babban jami'i mai muƙamin sufuritanda ne zai binciki irin wannan ƙara, amma in taro ya kewaye ofis ana rubuta ƙarar kafin kowa ya bincika. A kotu shaidu sukan ƙi maimaita kalmar da ake zargin an faɗa, don kada su ma su yi ɓatanci, sai alƙali ya yi hukunci a kan maganar da bai ji ba. Alƙalin ƙaramar kotu yana tsoron ransa, don an kashe alƙali Arif Iqbal Bhatti a 1997 bayan ya wanke wasu Kiristoci, an kashe lauya Rashid Rehman a Multan a 2014. Saboda haka yakan yanke hukuncin kisa ya bar wa kotun sama ta warware.

Gwamnati ba ta taɓa zartar da kisan a kan kowa ba ƙarƙashin wannan sashe. Shekarun ne hukuncin. An kama wata Kirista, Asiya Bibi, bisa zargin ɓatanci a 2009, aka yanke mata kisa a 2010, Kotun Ƙoli ta wanke ta a Oktoban 2018 saboda shaidu sun ci karo da juna. A tsakani an kashe gwamnan Punjab Salman Taseer da minista Shahbaz Bhatti a 2011 don sun nemi a gyara dokar. A Jaranwala, 16 ga Agustan 2023, an yi shela ta lasifika, aka ƙona majami'u sama da 20 da gidaje masu yawa. 'Yan'uwa biyun da aka zarga, kotu ta sake su a 2024 bayan bincike ya nuna ƙulla musu aka yi saboda gabar da ke tsakaninsu da wani. Ku sani kuma, a yawan ƙararraki Musulmi ne suka fi shiga hannu. Kiristoci ba su kai 2 cikin 100 na jama'a ba, amma in an zargi ɗayansu unguwarsu duka ce take biya.

Kabiru_Gwammaja:
Barista, mu dai mutuncin Manzon Allah (SAW) ya fi mana ranmu. Duk dokar da za ta kare shi muna tare da ita. Kada a fake da 'yancin addini a buɗe ƙofar zagi.

Malam_Isa_Fagge:
Malam Kabiru, ba mai jayayya da kai a kan son Annabi (SAW). Amma wanda ya yaga Alƙur'ani da hannunsa ya jefa a ƙofar maƙwabcinsa don ya ci filinsa, wa ya yi ɓatancin? An ga irin haka a shari'ar yarinya Rimsha Masih a 2012, inda aka kama wani limami bisa zargin shi ya cusa shafukan Alƙur'ani a jakar yarinyar, ita kuma kotu ta wanke ta. Shari'a ta ce hujja tana kan mai da'awa, ta ce a kawar da haddi da shubuha, ta ce wani ba ya ɗaukar laifin wani. Shaidar zur kuma tana cikin manyan kaba'irai. Waɗannan ƙa'idojinmu ne, ba aro muka yi ba.

Ɗan_Damagaram:
Ba sai an je nesa ba. Nijar Musulmi sun haura 98 cikin 100, kundin 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya raba addini da gwamnati, kuma coci bai saba shan wahalar izini irin ta Masar ba. Duk da haka a 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa da zuwan Shugaba Issoufou tattakin da aka yi a Paris bayan harin da aka kai wa jaridar, aka fara a Damagaram ranar Juma'a, aka ƙarasa a Yamai ranar Asabar. Mutum 10 suka mutu, 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai. Kiristan Nijar bai zana komai ba, Bahaushe ne ko Bazabarme ko Bagurme, amma a idon matasan nan shi da Faransa ɗaya ne. A Yunin 2019 ma, da ake rigimar dokar tsara harkokin ibada aka kama wani limami a Maraɗi, coci aka je aka ƙona, alhali rigimar tsakanin malamai ce da gwamnati. Don haka Malam Sani, takarda rabin amsa ce. Ragowar ita ce minti nawa jami'an tsaro suke ɗauka kafin su iso, da ko akwai wanda ake gurfanarwa bayan ƙura ta lafa. A kwatanta da Senegal, inda Musulmi suka zauna ƙarƙashin shugaba ɗan Katolika, Senghor, daga 1960 zuwa 1980, da goyon bayan shehunan ɗariƙu.

Sani_Tudunwada:
Na ƙaru sosai. To mu dawo kan tambayar. A jihohinmu na Arewa da Musulmi suka fi yawa, ina takardar take maƙalewa?

Safiyo_Garba:
Dokar filaye ta 1978 ta sa duk filin birni a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar mallaka, C of O. Matakan: a nemi fili ko a saya, safiyo ya auna ya fitar da taswira, a buɗe fayil a ma'aikatar filaye da bayanin abin da za a yi da filin, hukumar tsara birni ta duba ko ya dace da tsarin unguwar, sannan a amince da zanen gini. Gurbin "abin da za a yi da fili" shi ne wurin. In sabuwar unguwa ba a ware filin coci a taswirarta ba, duk wanda ya sayi fuloti na gidan zama ne a takarda. Ya gina coci a kai, ya saɓa ƙa'ida, ana iya shafa masa jan fenti kowace rana. Ya nemi canjin amfani, fayil ya kwanta ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Wasu masu sayar da fili ma suna rubutawa a yarjejeniya cewa ba za a yi coci ba. Ƙungiyar CAN ta daɗe tana kuka da wannan. Masallatan unguwa da yawa su ma ba su da takardar, bambancin shi ne wa ake zuwa tambaya. Sashe na 38 na kundin 1999 ya ba kowa 'yancin ibada a fili ko a ɓoye, shi kaɗai ko cikin jama'a, amma ba ya buɗe fayil.

Ummu_Khalil:
Irin wannan kukan Musulmi suke yi a wasu jihohin Kudu maso Gabas da Kudu maso Kudu, kan filin masallaci da maƙabarta da filin Idi. In za a gyara, a gyara duka.

Fasto_Yakubu:
Na yarda da ke ɗari bisa ɗari, Hajiya. Ƙa'ida ɗaya ga masallaci da coci a kowace jiha.

Nura_Tarihi:
Wani abu da zai ba Bahaushe mamaki. A Maleshiya gwamnati ta hana jaridar Katolika amfani da kalmar "Allah" a bugunta na harshen Malay. Babbar kotu ta ba jaridar gaskiya a ƙarshen 2009, aka kai wa majami'u hari a Janairun 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 2013. Sai a 2021 wata kotu, a wata shari'ar dabam, ta ce umarnin haramcin ya saɓa doka. Mu kuwa Littafi Mai Tsarki na Hausa tun fitowarsa a 1932 "Allah" yake cewa, Kiristan Masar ma haka, kuma ba wanda ya ga abin faɗa a ciki. Abin da wata ƙasa ta ɗauka aƙida, wani lokaci siyasar ƙabila ce ta cikin gida.

Barista_Hauwa:
Kuma doka tana canzuwa. Sudan ta yanke wa Maryam Yahya Ibrahim hukuncin kisa kan ridda a 2014, ta haihu a kurkukun Omdurman kafin a sake ta, amma a Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke laifin ridda da ke sashe na 126 na dokar laifuka.

Kan tambayar Malam Sani, da za a ba ni alƙalami abu huɗu zan rubuta. Doka ɗaya ga duk ɗakunan ibada, sharuɗɗanta na gini ne zalla: mallakar fili, ƙarfin gini, hanyar fita, ƙarar lasifika, wurin ajiye mota. Wa'adi tabbatacce, in ya wuce ba amsa izini ya tabbata da kansa. A cire sa hannun maƙwabta, mai ƙorafi ya kawo shi a rubuce da dalilin da kotu za ta iya aunawa. Sannan laifin ƙone-ƙone kada sulhu ya shafe shi, a yi sulhu a kan diyya amma mai gabatar da ƙara ya ci gaba da aikinsa.

Abu_Sumayya:
Na uku ɗin ban gamsu ba. Unguwar da ba Kirista ko ɗaya, a zo daga wani gari a dasa coci a tsakiyarta da kuɗin waje, a ce mazauna ba su da ta cewa? Wannan ma yana kawo fitina.

Injiniya_Lawal:
Malam Abu Sumayya, wannan taswirar unguwa ce take maganinsa tun kafin a yanka fuloti. In za a fitar da sabuwar unguwa, a ware filayen ibada kamar yadda ake ware na makaranta da asibiti da kasuwa, a nuna su a taswirar da kowa zai gani kafin ya biya kuɗi, a bar tazara da titi tsakaninsu da gidaje. Masar ta fara haka a sababbin biranenta, shi ya sa rigimar ta fi yawa a tsofaffin ƙauyuka. Wahalar tana tsofaffin unguwanni da aka riga aka cika, inda Kiristocin suna nan tun kakanni amma ba fili ko taku goma da ya rage. Safiyo Garba, a irin wannan wurin, canjin amfani na fuloti biyu da aka haɗe zai wadatar, ko sai an sake taswirar layin gaba ɗaya?